Ɗana a Gidan Fasto

Amal, ke da 'ya'yanki, da duk wanda Allah zai ba ɗan'uwanki Faisal nan gaba, ina so ku ji labarin shekarar nan daga bakina, don na san abin da ake faɗa a unguwarmu ta Rusaifa idan na ba da baya. Cewa ake yi Asabe ta ɗauki ɗanta haifaffen Makka ta miƙa wa masu coci. Na miƙa shi ɗin, ba na musu. Amma masu faɗar ba su san wa na miƙa wa ba, ba su kuma san abin da mutumin ya rasa saboda ya karɓa ba.

Gidanmu yana wani ƙauye kudu da Malumfashi. Babanmu Jatau manomi ne, har ya koma ga Allah bai yi salla ba, bai kuma shiga coci ba. Mu 'ya'yansa kowa ya kama hanyarsa. Yayana Bitrus ya bi 'yan mishan tun yana saurayi, ya yi karatu har ya zama fasto. Ni kuma na musulunta lokacin da zan auri babanku Malam Sule, yana ɗinki a Funtuwa. Ranar da za a kai ni, Yaya Bitrus ne ya ɗaura akwatina a bayan kekensa ya tura har bakin mota. Ba mu taɓa ɗaga murya a kan addini ba, ni da shi. Daga baya muka zo Umra da babanku muka zauna, ya samu kafili, wato Balaraben da takardun zamanmu suke hannunsa, ya ci gaba da ɗinki a unguwar Zahir, ni kuma ina haɗa turaren wuta ina sayar wa mata. A nan na haife ku, a nan muka binne shi. Da Yaya kuwa sai gaisuwa ta waya, idan an yi salla ya kira ni, idan an yi Kirsimeti in kira shi.

Faisal bai san wata ƙasa ba sai wannan. Larabci a bakinsa kamar na kowane ɗan Makka, Hausa kuwa yana ji amma sai ya ga dama yake mayarwa. Jigilar alhazai yake yi daga tashar Kudai da motar wani. Tun yana makaranta yake dawowa da fuska a ɗaure, in tambaye shi ya ce ba komai, sai daga baya in ji an kira shi takaruni, sunan rainin da suke kiran baƙaƙen fata da shi, ko an ce ya matsa yana wari. Nakan ce masa ya yi haƙuri, mu baƙi ne. Shi kuma ya ce:

"Ummi, ni baƙon wa? A ina aka haife ni?"

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, motarsa ta gogi ta wani mutum a wurin da ake lodi. Gogar ba ta kai a yi magana ba. Mutumin ya fito ya dube shi a gaban alhazai ya kira shi bawa, ya maimaita, ya ce irinsu da can a kasuwa ake saye. Faisal ya mare shi. Da 'yan sanda suka zo aka duba iƙamarsa, wato takardar zamansa, aka tarar ta mutu, don kafilin ya daɗe yana ja masa rai wajen sabuntawa. Mari da matacciyar iƙama suka haɗu a kan yaro ɗaya. Aka kai shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ce Najeriya za a kai shi.

Ba zan iya kwatanta muku kwanakin nan ba. Na bi duk wanda aka ce yana da hanya. Na zauna a ƙofar kafilin har rana ta karya, ya aiko aka ce ba ya nan, alhali ina ganin motarsa. Abinci ya daina wuce mini. In na ɗora garwashi zan turara kaya sai in manta har ya zama toka. Abin da ya fi cin raina shi ne ban san hannun wa zai faɗa ba in ya sauka Kano. Dangin babanku sun watse, waɗanda na sani sun mutu. Yaron da bai san kuɗin ƙasar ba, bai san yadda ake shiga mota ba, Hausarsa ma in ya yi dariya za a yi masa. Ga shi shekarar zaɓe ce a gida, kullum wayoyinmu cike da saƙonni, wannan malami ya ce kada Musulmi ya zaɓi wane, wancan ya ce an ƙona wuri kaza, ga 'yan bindiga suna ɗibar mutane a gonaki a yankinmu.

Maƙwabciyata Hajiya Kulu, wadda iyayenta suka zo ta Sudan tun tana goye, ita ce ta fi kowa tsaya mini a farkon abin. Ita ta riƙa kawo mini shayi da gurasa tana tsare ni sai na ci. Ta ce tana da ɗan ƙanin miji a Kano mai shagon kayan waya, za ta yi masa magana ya riƙe Faisal. Na yi mata godiya. Amma mutumin ita kanta ba ta taɓa ganinsa ba, kuma da aka kira shi, abin da ya fara tambaya shi ne ko yaron zai zo da wani abu a hannunsa. Na koma ɗaki na daɗe ina juya wayar, sannan na kira Yaya Bitrus. Ban gama bayani ba ya katse ni.

"Asabe, wace rana jirgin zai sauka?"

"Yaya, ka tsaya ka ji. Musulmi ne fa, kuma mai zafi. Gidanka kuma a cikin harabar coci yake."

"Na ji. Ɗan ƙanwata ne ko ba shi ba ne? Ki faɗa mini ranar kawai. Mai salla bai fi ƙarfin gidana ba, akwai buta, akwai tabarma, masallaci ma ana jin kiran sallarsa daga tsakar gidanmu."

Da na gaya wa Hajiya Kulu, sai ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta san ina da ɗan'uwa Kirista, amma a wurinta wani abu ne mai nisa kamar labarin wata duniya.

"Ummu Faisal, kin haukace? Yaron da aka yi masa huɗuba a gefen Harami za ki kai gidan fasto? Su da suke neman ganin bayanmu a can? Ba ki ganin abin da ake turowa?"

Na ce mata ina gani. Na ce amma ni na san Bitrus tun kafin in san waya. Ta tashi ta gyara lulluɓinta ta ce Allah Ya kyauta, kuma daga ranar ba ta sake hawowa benenmu ba. Maganar ta zagaya. Matan da suke sayen turarena suka ragu ɗaya bayan ɗaya. Ke ma Amal kin tuna abin da surukarki ta faɗa miki, ba sai na maimaita ba.

Shi kansa Faisal, da aka bar ni na gan shi ta bayan gilashi kafin a tafi da su, ya rame, gemunsa ya cukurkuɗe. Da na ce masa Kawunsa Bitrus zai tarbe shi, sai ya kawar da kai.

"Nasara za ki kai ni wurinsu? Gara in kwana a tasha."

"Ka kwana a tasha in ka ga dama. Amma zai zo, kuma tsoho ne, kada ka bar shi a tsaye."

Ya zo ɗin. Matarsa Saratu ta gaya mini tun asuba ya hau motar haya zuwa Kano, ya rubuta sunan Faisal a kwali ya ɗaga yana jira. Ita Saratu ce ta zama idona a gidan, don Faisal in na kira shi daga "alhamdulillah" sai "halas, Ummi", wato shi ke nan, ba ya ƙarawa. Ta ce makonni ya yi a ɗaki, ba ya fita sai salla. Ba ya cin naman gidan, sai Yaya ya riƙa kai kaji wurin limamin unguwa yana yankawa. Da azumi ya zo, Saratu ce take tashi ta ɗumama masa tuwo, ita da ba ta azumin. Duk wannan bai sa hankalina ya kwanta ba. Kullum ina jiran ranar da za a kira ni a ce ya gaya wa Kawunsa baƙar magana ya fice, ko kuma, Allah Ya yafe mini, ranar da za a ce ya fara shiga cocin. Tsoro biyu nake kwana da su nake tashi da su, kowanne yana jan nasa gefen.

Wata rana na kasa daurewa na tambayi Yaya ko yana yi masa wa'azi. Ya yi dariya har da tari.

"Wa'azi? Yaron da aka gaya masa shi ba mutum ba ne? Asabe, abin da yake buƙata ya ji yanzu shi ne Allah ne Ya yi fatar nan tasa da hannunSa, kuma bai yi kuskure ba. Wannan kuwa da ni da limaminku duk mun yarda da shi. Na gaya masa ni ma na sha. Lokacin da nake makarantar fastoci akwai Baturen da yake koya mana ƙaunar maƙwabci da safe, da rana kuma ba ya yarda mu sha ruwa da kofinsa. Ban bar addinina saboda shi ba, na dai gane cewa mutum yana iya riƙe littafi mai tsarki a hannu zuciyarsa tana wani wuri. Na ce wa Faisal kada ya bar wancan mutumin na Kudai ya raba shi da Makka a zuciyarsa."

Daga nan ne Faisal ya fara fitowa. Cocin tana da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta daɗe a kwance, ya buɗe ta ya yi ta fama har ta tashi. Ya riƙa kai Kawunsa gaisuwar marasa lafiya a ƙauyuka, yana kai matan zumuntar coci kasuwa da buhunan masara. Na fara samun barci. Ashe ban ga komai ba tukuna.

Ana saura kaɗan zaɓe, wani ɗan takara ya aiko mutanensa wurin Yaya. Suka ce za a yi wa cocin sabon rufi, abin da ake so kawai ya tsaya ranar Lahadi ya gaya wa jama'a cewa duk Kiristan da ya zaɓi ɗaya ɓangaren ya sayar da 'yan'uwansa. Yaya ya ba su ruwa suka sha, ya ce musu rufin yana yoyo gaskiya ne, amma shi ba a naɗa shi don ya raba ƙuri'a ba. Ya ce kowa ya duba wanda zai hana a sace shi a gona ya zaɓa, ko Musa ne sunansa ko Markus. Wasu dattawan cocin ba su ji daɗi ba. Suka ce Musulmi a masallatansu ana gaya musu wanda za su zaɓa, don me su za su zauna kamar marayu. Ya ce musu in maƙwabci ya zuba shara a rijiyarsa, wannan ba dalili ba ne da zai sa su zuba a tasu.

Ana cikin wannan 'yan bindiga suka tare hanyar gona suka tafi da mutane, cikinsu har da matar wani dattijon cocin da 'yarta. Garin ya rikice. A irin wannan lokaci kowa neman infoma yake, wato na cikin gari da yake tsegunta wa 'yan daji. Sai aka tuna akwai baƙo a gidan fasto, wanda aka koro daga ƙasar Larabawa ba a san laifin da ya yi ba, wanda ya zagaya ƙauyuka da mota ya san gonar kowa, wanda kullum ake jinsa a bayan coci yana magana a waya da harshen da ba mai ji. Da ni yake maganar, 'ya'yana. Ni yake gaya wa ya ci abinci.

Ranar Lahadi ce, ina saman benenmu ina daka itacen sandal na turare bayan azahar, Saratu ta kira. Bayanta hayaniya kamar kasuwa.

"Maman Faisal, ki yi addu'a. Samari sun cika ƙofar gida da sanduna, sun ce a fito musu da shi."

"Ina yake? Saratu, ina ɗana?"

"Na kulle shi a ɗakina. Baban Ishaku yana bakin ƙofa."

Haka take kiran Yaya, da sunan ɗansu na fari. Na ce kada ta kashe wayar. Ta riƙe ta a jikin taga, ni kuma ina durƙushe a kan siminti a Rusaifa, taɓarya a gefena, ina jin ana kiran ɗana ɗan ta'adda da Hausar garinmu, da irin muryoyin da na tashi a cikinsu. Can na ji muryar Yaya. Ba ihu yake ba, sai da suka yi shiru don su ji shi.

"Wanda yake da shaida ya matso ya faɗa a gaban kowa, ni da kaina zan kai shi wurin hukuma. Akwai? To babu. A can an dubi fatarsa an ce bawa ne. A nan kun saurari harshensa kun ce ɓarawo ne. Me ya raba ku da wancan mutumin? Ɗazun nan kuka fito daga sujada, ni na tsaya a gabanku. Wanda muke bi, taro ne irin wannan ya kama shi ba tare da shaida ba, kun sani ko ba ku sani ba? Ina jin zafin matar Dattijo Ayuba da 'yarta kamar yadda kuke ji, ni na yi wa yarinyar baftisma. Amma jinin ɗan ƙanwata ba zai dawo da su ba. In kun ce sai kun shiga, ga ni, ku fara da ni, tsoho ne ba zan ba ku wahala ba."

Wani ya yi jifa. Na ji ƙarar dutse a kan kwano, na ji Saratu ta yi salati irin nasu, wayar ta katse. Na kira, na sake kira, ba ta shiga. Ban san yadda na sauka daga bene ba, sai ganina na yi a titi ba takalmi, ina tafiya ban san inda za ni ba. Ke ce kika same ni, Amal, kika mayar da ni gida. Sai bayan la'asar Saratu ta samu ta kira. Dutse na biyu ya sami Yaya a goshi. Da samarin suka ga jini a fuskar fastonsu sai jikinsu ya yi sanyi, shi Dattijo Ayuba da kansa ya shiga tsakani ya kore su, yana kuka. Faisal ne ya ɓalle ƙofar ɗakin ya fito ya ɗauki Kawunsa ya sa a mota ya kai shi asibiti, ta tsakiyar mutanen da suka zo kashe shi.

Matan da aka sace sun dawo bayan an sha wahala, kuma ba a taɓa samun abin da ya haɗa Faisal da maganar ba. Amma ba wanda ya zo ya ce ya yi kuskure. Cocin ta rabu biyu, wasu suka daina zuwa, suka kai ƙara sama cewa fasto ya fifita Musulmi a kan tumakinsa, ya kuma hana coci rufi. Bayan zaɓe aka ɗauke shi daga cocin da ya yi rabin rayuwarsa yana ginawa, aka tura shi wata 'yar ƙaramar coci ta laka a ƙauyen da ya fi kusa da daji. Da na ji, na kira shi ina kuka, na ce ni na jawo masa.

"Ke kika jefe ni? Bar wannan magana. Mutanena ne, tsoro ne ya yi musu yawa, kuma masu neman kujera sun san yadda ake kiwon tsoro. Ban yi fushi da su ba. Can ɗin ma akwai mutane, su ma suna son a yi musu addu'a."

Na ce to aƙalla Faisal ya koma Kano, zan nemi wanda zai riƙe shi ko da roƙo ne, kada ya sake zame masa fitina. Sai na ji an karɓi wayar.

"Ummi, ba inda za ni. Idon Kawu na hagu ba ya gani sosai tun ranar nan. Hanyar ƙauyen ba kyau. Wa zai riƙa tuƙa shi?"

Na buɗe baki in ce masa hanyar ce ai nake tsoro, daji ne, kai baƙo ne, an riga an sa maka ido. Ban faɗa ba. Na ce Allah Ya tsare, ya ce amin, ya ce suna loda kaya ne zai kira ni.

Suna can har yau, gidan da suka samu yana bakin titi, cocin kuma sai an ratsa daji. Faisal yana noma tare da Ishaku, yana jigila ranar kasuwa, ranar Juma'a Yaya yakan tuna masa lokaci ya yi. An hana shi shigowa ƙasar nan, ni kuma in na fita ban san ko zan samu dawowa ba, ga ku a nan, ga kabarin babanku. Tun kafin ranar gilashin nan rabona da taɓa hannunsa. Hajiya Kulu muna haɗuwa a bakin shago mu gaisa sama-sama. Waya in ta yi ƙara ranar Lahadi, sai na ambaci Allah kafin in duba.

Shi ya sa kuke ganin duk Lahadi da hantsi nake shiga motar Harami, ko ƙafata tana ciwo. Lokacin ne suke kan hanyar coci, tsoho a gefe, ɗana a kan sitiyari, daji hagu da dama. Ba abin da zan iya yi musu daga nan sai wannan. Makon jiya na gama ɗawafi na samu wuri na zauna ina fuskantar Ka'aba, na ɗaga hannu na ce Allah Ka tsare mini Faisal ɗan Sule, Ka tsare mini Bitrus ɗan Jatau, Ka kai su lafiya Ka dawo da su lafiya. Ashe da ƙarfi na faɗa. Wata farar tsohuwa da ke kusa da ni, ban san ko daga wace ƙasa take ba, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta dubi fuskata, ta ɗaga nata hannun ta ce amin.